Famfon Injekta: A Bincika Kafin a Kwance

  

Shirin yau na masu injin gas ne, wato injin da ke shan man dizal. Direban tirela, direban tifa, mai Kanta, mai tarakta, mai janareta, da mai injin niƙa a bakin kasuwa, duk ku matso kusa. Ko kai ba bakanike ba ne, kada ka murɗa tasha. Kai ne mai biyan kuɗin gyara, ya kamata ka san abin da kake biya.

Maganarmu a kan famfon injekta ce, famfon nan da ke tura mai zuwa cikin inji. Ba dukan cututtukansa za mu taɓo ba. Guda ɗaya za mu riƙe, matsalar awon mai. Wato famfo ya ba inji mai fiye da kima, ko ya ba shi ƙasa da kima, ko ya cika wa wannan silinda ya ƙwari waccan.

Tun yanzu ga abin da nake so ku riƙe. Famfo shi ne na ƙarshe da ake tuhuma. Na ƙarshe, ba na farko ba. Sau da yawa a garejinmu ana barin jaki ana dukan taiki. A kwance famfo lafiyayye, a kashe kuɗi, a mayar, ciwo yana nan inda yake.

Za mu fara da yadda famfon ke aiki. Daga nan mu duba alamu. Sai mu shiga bincike, nan ne za mu fi daɗewa. A ƙarshe mu leƙa motocin zamani masu kwamfuta.

To, bismilla. Kashi na farko, aikin famfo.

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin gas ba ya buƙatar tartsatsi. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda, har zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci sai a fesa mai. Da ya haɗu da iskar nan mai zafi sai ya kama da kansa. Saboda haka, malam direba, in ka taka totur a motar gas, mai kake ƙarawa. Ƙarfin injin duka yana rataye ne a kan yawan man da aka fesa.

To nawa ake fesawa? Abin zai ba ku mamaki. A injin tarakta mai silinda huɗu, ko da kaya take ja, feshi ɗaya bai fi ɗigo guda ba. Ka ɗauki cokalin shayi ɗaya na mai, ka raba shi gida ɗari. Kashi ɗaya shi ne rabon silinda. In injin yana silo kuwa, abin bai kai haka ba ma. Kuma in yana juyi 2000 a minti ɗaya, sau 4000 famfon zai yi wannan awo kafin mintin ya cika. Famfon injekta mai awo ne a kasuwar hatsi. Masu saye huɗu a gabansa, kowa da buhunsa, kuma dole mudun kowa ya zo daidai da na ɗan'uwansa, ba tozo ba ragi.

Ga ɗan tarihi. Da Rudolf Diesel ya kammala injinsa a Jamus a 1897, da matsattsiyar iska ake hura man ciki. Na'urar matse iskar kuwa nauyi gare ta, ba ta dace da mota ba. Sai a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon injekta da yawa don sayarwa. Daga nan manyan motoci suka samu abin da suke nema.

Famfon da za ku tarar a gareji iri biyu ne, ban da na zamani. Akwai mai jere, akwai mai juyawa. Gane su ba wuya. In ka ga bututan ƙarfe sun fito ta saman famfo a layi ɗaya, mai jere ne. Shi ya fi yawa a tsofaffin manyan motoci da manyan janareta. In kuwa bututan sun fito ta bayansa a zagaye, mai juyawa ne.

A cikin mai jere, kowace silinda tana da ɗan sandan ƙarfe nata da ke hawa da sauka cikin kube. Makanikai suna ce masa fulanja. Ku lura, tsawon tafiyar fulanja ba ya canzawa. A silo da a gudu, hawansa ɗaya ne. To ina awon yake? A jikin fulanja an yanka wata tsaga a karkace. A jikin kuben kuma akwai ƙaramar huda. Fulanja yana tura mai har lokacin da tsagar nan ta iso hudar. Da sun haɗu, sai mai ya samu hanyar komawa, feshi ya tsaya. In aka ɗan murɗa fulanja, haɗuwar ta yi jinkiri, mai ya ƙaru. In aka murɗa shi baya, mai ya ragu. Abin da ke murɗa su gaba ɗaya wani dogon ƙarfe ne mai haƙora, ana kiransa rak. Shi kuma rak, gwamna ne ke jansa. Gwamna wasu ƙarafa ne masu nauyi da ke buɗewa in inji ya yi gudu, su rage mai, kada ya wuce iyaka. Mai injin niƙa, naka ma haka yake. Fulanja ɗaya ne kawai, da ɗan gajeren rak.

Mai juyawa kuwa, kai ɗaya ne ke raba wa dukan silinda. Akwai na kamfanin CAV na Ingila, samfurin DPA, wanda aka fara yi a 1956. Shi ne a jikin injin Perkins na taraktocin Massey Ferguson da yawa da ke gonakinmu. Shi a bakin shiga yake awo, da wani ɗan siririn bawul. Akwai kuma Bosch VE, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, ya bazu a ƙananan motocin gas, har da na Japan. Shi wani zobe ne ke zamewa a jikin fulanja, ya buɗe hudar da ke tsayar da feshi.

Abu ɗaya ya haɗa su duka. Tazarar da ke tsakanin fulanja da kubensa ba ta wuce maikiron biyu zuwa huɗu. Silin gashin kai guda yana kai maikiron 70. Kun ji fa. Ƙurar da idonka ba ya gani ta isa ta kankare shi. Kuma man gas ɗin da ke wucewa shi ne ke sa masa santsi. A mai juyawa ma, dukan kayan cikinsa da man gas suke wanka. In man ya zo da ruwa, ko an tsinka shi da kalanzir, ƙarfe ne zai ci ƙarfe.

Mu je kashi na biyu, alamu.

Alama ta farko hayaƙi. Tsaya a bayan mota ka dubi salansa. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi ƙarfin iskar da ke ciki. Ku saurara da kyau. Ko dai mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. Hanya biyu ce, ba ɗaya ba. Farin hayaƙi mai yaji a ido, mai warin ɗanyen gas, man ne ya fito bai ƙone ba. Ko an fesa shi a makare, ko iska ta shiga layin mai, ko silinda ba ta matsewa. In farin ba shi da yaji, kuma ruwan lagireto yana raguwa, wannan ruwa ne, a duba gasket. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne inji ke ƙonawa. A nemi ringi ko tobo, a ƙyale famfo.

Alama ta biyu rashin ƙarfi. Tifa ta ɗauko yashi, ta zo hawa, direba ya danne totur har ƙasa, ita kuwa sai nishi. In babu hayaƙi, yunwar mai take ji. In akwai baƙin hayaƙi, mai yana zuwa, ƙonewa ce ba ta yi daidai ba.

Ta uku, inji ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai, ba wanda ya taɓa totur. Masu janareta sun san wannan, ƙwai ya yi haske ya dushe, ya yi haske ya dushe. Yana iya zama rak ne ke cijewa, ko bawul ɗin awo ya yi danƙo, ko gwamna ya gaji. Amma iska a layin mai ma tana kawo shi, kuma ita ta fi yawa.

Ta huɗu, da safe ya tashi bugu ɗaya, amma in ya yi zafi aka kashe shi, sai ya ƙi tashi sai ya huce. Wannan kam tana yawan nuna kan famfo mai juyawa ya cinye. Mai in ya yi zafi tsinkewa yake yi, sai ya zurare ta inda ƙarfe ya ci. Na san wasu suna kwara wa kan famfon ruwan sanyi don ya tashi. Yakan tashi. Amma ranar da kan ya tsuke ya kama abin da ke juyawa a ciki, ranar famfo ya tashi aiki. Kuma kafin a yanke hukunci a gwada batir da sitata, domin sitata mai kasala ma takan yi haka in ta yi zafi.

Ta biyar, ka zaro gejin baƙin mai ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin gas. Gas ne ke zuba cikin inji. Ko ta robar bakin famfo, ko ta famfon ɗago mai, ko nozul, wato bakin da ke fesa mai, shi ne ke ɗiga. Kada ka ci gaba da aiki da shi, inji zai buga.

Yanzu kashi na uku, bincike. Bakanike, yaron gareji, a nan nake so ku buɗe kunne. Ana farawa ne daga mai araha zuwa mai tsada. Daga tanki zuwa famfo, ba daga famfo zuwa tanki ba.

Fara da tambaya. Maigida, yaushe abin ya fara? A ina ka sha mai na ƙarshe? Wa ya taɓa injin kafin ni? In ya ce jiya ya sayi jarka biyu wajen 'yan bumburutu, yau mota ta fara tari, ai rabin aikin ya ƙare.

Sai tanki. Nemo kwalba mai tsabta, wadda ake ganin cikinta. Tsiyayo mai daga ƙasan tanki, ko daga gindin filta. Ajiye ta a inuwa ta ɗan zauna. Ruwa ya fi gas nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, da layi sarai tsakaninsu. In ka ga wani baƙin abu mai yauƙi yana yawo, ƙwayoyin halitta ne da ke tsirowa inda ruwa ya haɗu da gas, kuma su ne ke toshe filta. Duba murfin tankin ma. Yana da 'yar hudar shan iska. In ta toshe, mota za ta yi tafiya kaɗan ta mutu, ka buɗe murfi ka ji ya ja iska, fuu, ka tayar ta tashi. Mutum nawa aka kwance wa famfo saboda murfin tanki!

Sai filtar mai. A canza ta, ba a wanke ta. Filtar takarda in aka wanke ta da fetur aka busa mata iska, hudojinta sun buɗe, datti zai wuce kai tsaye zuwa fulanja. Akwai kuma ƙananan rariya da ake mantawa da su. Ɗaya a cikin famfon ɗago mai, wata a bakin shigar famfon DPA. A ciro su a duba.

Sai iska a layin mai. Ga dabara mai sauƙi. Samo guntun tiyo fari, wanda ake ganin abin da ke gudana a ciki. Sa shi tsakanin filta da famfo. Tayar da inji, ka tsuguna ka zuba ido. In mai yana wucewa garau, madalla. In ka ga ƙananan kumfa suna bin juna a jere, iska tana shiga ta wani wuri. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, wurin da iska ke shiga ba lallai ya yi yoyo ba. Layin tsotsa yake yi, ba turawa ba. Tsohon tiyo da ya tsattsage, wasar tagulla da aka maimaita, robar kan filta da ba ta zauna ba, duk ƙofofi ne.

In kana so ka raba gardama, yi gwajin jarka. Zuba gas mai kyau, tatacce, a jarka mai tsabta. Ɗaga ta sama da inji. Ja tiyo daga jarkar zuwa famfo, ka fitar da iska, ka tayar. In inji ya warke, famfo ba shi da laifi. Ciwon yana baya, tsakanin tanki da filta. Wannan gwaji bai ci maka komai ba sai ɗan lokaci.

Kada a manta da layin da ke mayar da rarar mai tanki. A famfo mai juyawa, in layin nan ya toshe, inji zai tashi, ya ɗan yi aiki, ya shaƙe ya mutu. Masu Bosch VE, ga wata ƙarama da ke wahalar da mutane. Kusoshi biyu masu rami ne ke ɗaure layin shiga da na fita, kuma sun yi kama da juna. Na fita an buga masa haruffa uku a ka, O, U, T, kuma hudarsa 'yar mitsitsiya ce. In yaro ya musanya su wajen mayarwa, mota za ta yi silo lafiya, amma ba za ta ja ba. A wannan famfon kuma akwai makunnin lantarki mai yanke mai in an kashe mota. Murɗa makulli, ka kasa kunne. Ya kamata ka ji ƙas. In ba ka ji ba, bi waya da fis kafin ka zargi kowa.

Mun gama da mai, sai iskar shaƙa. Mu da ke ƙasar hunturu, wannan tamu ce. Watannin ƙura, filtar iska takan cika ta toshe da wuri. Tarakta mai haro a busasshiyar gona ma haka, injin niƙa da ke shaƙar gari ma haka. Inji ya kasa numfashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, a ce famfo ya ɓaci. Ciro filtar ka duba tukuna. Mai tobo kuma ya bi tiyoyin iska, ko akwai wanda ya fashe. A saman famfon irin waɗannan motoci akwai wata 'yar roba mai jin ƙarfin iskar tobo, ita ke ba da izinin ƙarin mai. In ta yage, ko siririn tiyonta ya cire, mota sai ta zama raguwa.

Sai nozul, wato bakin da ke fesa man. A injin da ba na kwamfuta ba, ga yadda ake gane silindar da ke fashi. Bar inji a silo. Sa sifana a notin bututun da ke kan nozul na farko, ka rufa tsumma a kai, ka ɗan sassauta. In muryar inji ta canza, ya ƙara rawa, wannan silinda tana aiki. Ɗaure, ka wuce ta gaba. Wadda ka sassauta amma inji bai ko kula ba, ita ce mai fashi. To nozul ne ko famfo? Musanya nozul ɗinta da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi nozul, ka kama ɓarawo. In ya tsaya a silindar, saura biyu, ko matsin silinda ya yi ƙasa, ko famfo ba ya ba ta rabonta. A auna matsin kafin a ce famfo.

A nan zan dakata in yi gargaɗi, kuma ba wasa nake ba. Nozul na irin waɗannan injuna yana buɗewa ne a wajen awon bar 200. Tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka. Kada ka taɓa sa yatsa a gaban nozul mai feshi. Kada ka shafa bututu da hannu kana neman yoyo, sa kwali. Man yana huda fata ya shige tsoka. Bakin ciwon ɗan tsito ne, har mutum ya ce ba komai. Alhali a ciki nama ne ke mutuwa. Wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti a take, ya gaya wa likita man inji ne ya shige shi da ƙarfi. Ba ciwon da za a ɗaure da tsumma a koma aiki ba ne.

Saura taimin, wato lokacin feshi. In ya makara, za a ga farin hayaƙi, zafi da kasala. In ya yi gaggawa, inji zai riƙa ƙwanƙwasa da ƙarfi. A duba alamomin da kamfani ya buga. Duk wanda zai cire famfo kuma, ya yi wa mazauninsa alama kafin ya kwance noti ko ɗaya.

To, an bi duk waɗannan, ba a samu komai ba. Yanzu ne aka iso famfo. Yanzu ne, ba ɗazu ba.

A jikin kowane famfo akwai sukurun da ke iyakance mai. Kamfani yakan ɗaure shi da waya da darma, ko ya rufe shi da hula. Ba don ado aka yi ba. Amma kun san abin da ke faruwa. Direba ya ce, oga, motar nan ba ta ja, a ɗan ƙara mata mai. Oga ya tsinke darma, ya murɗa. Mota ta fita tana tuƙa baƙin hayaƙi, direba yana murna wai ta samu ƙarfi. Ni dai a ganina wannan ba gyara ba ne. Iskar da ke cikin silinda ba ta ƙaru ba. Man da ya wuce abin da iskar za ta iya ƙonawa, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Ragowar kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya ci, zafi ya hau kan fistin har ya kai ga narkewa. Garin gyaran gira a rasa ido. Kada a taɓa sukurun nan a bakin hanya. Na sake faɗa, kada a taɓa shi da ka.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. In rak ya cije a wajen cikakken mai, ko aka haɗa gwamna ba daidai ba, inji yana iya ƙwacewa. Ya yi ta hawa, ƙara tana ƙaruwa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. Haka ma in tobo ta fara zubo masa baƙin mai yana sha. Maganinsa a toshe masa numfashi. Shi ya sa bakanike mai hankali, duk ranar da zai tayar da injin da aka taɓa famfonsa, ko wanda ya daɗe a ajiye, yakan buɗe bakin shan iska, ya ajiye faffaɗan katako a kusa. In ya ƙwace, a kifa katakon a bakin. Katako fa, ba tafin hannu ba, ba tsumma ba. Tsumma haɗiye shi zai yi. Mai injin niƙa, kafin ka tayar da injin da ya yi watanni a kwance, taɓa rak da yatsa. Ya kamata ya tafi ya dawo ba cijewa.

Gyaran famfo na gaskiya a kan benci ake yinsa, wajen masu kalibireshan, wato masu saita awo. In ba ka taɓa shiga ba, ga abin da za ka gani. An ɗaure famfo a kan na'ura mai juya shi da lantarki. Kowane bututu yana zuba a cikin doguwar kwalba siririya mai zanen awo, an jera su a layi. Mai aikin zai karanta lambar da ke kan farantin famfo, ya nemo takardar awonsa. Ya sa gudu kaza, bugu kaza, ya danna. Sai ka ga mai yana hawa a kwalaben. In famfo lafiya yake, duk za su tsaya kai ɗaya. In ɗaya ta tsaya a ƙasa, ko ɗaya ta zarce, ga ciwon nan a fili, ba gardama. Zai gwada a gudun tayarwa, a silo, a cikakken kaya, da inda gwamna ke yanke mai. A mai jere kuma zai duba tazarar feshi, digiri 90 tsakanin silinda a inji mai huɗu, digiri 60 a mai shida.

Shawarata, maigida, ka tsaya a yi gwajin farko a gabanka, kafin a kwance komai. Ka ga kwalaben da idonka. In an gama, a sake nuna maka. Ka kai nozul ɗinka tare a gwada su. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire. In za a canza fulanja, da kubensa ake canzawa, domin tare aka goge su a masana'anta, ba a aura wa wani kuben wani. Kuma ka dubi wurin da kansa. Shagon da ake kwance famfo a ƙasa, a kan kwali, iska tana kwaso ƙura, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Kashi na ƙarshe, motocin zamani. Wannan tsari ana ce masa kwaman-rel. Kamfanin Denso ya sa shi a manyan motocin Hino a Japan a 1995, ya shigo ƙananan motoci a Turai a 1997. Shi ne a Hilux mai gas da aka rubuta wa D-4D. A nan famfo ba ya raba wa silinda mai. Aikinsa ya cika wani kakkauran bututu da mai, a matsin da ke kai bar 1600, wasu har 2000. Kwamfuta ce ke buɗe kowane nozul. Amma har yanzu akwai awo a jikin famfon. Wani bawul ne na lantarki da ke ƙayyade man da zai shiga. In ya fara cijewa, silo zai riƙa rawa, mota ta mutu a danja, ko ta ƙi wuce wani gudu, fitilar inji ta kama.

A nan sai an sa na'urar karanta kwamfuta. Lamba P0087 tana cewa matsi ya yi ƙasa. P0088 tana cewa ya yi yawa. P0251 tana nuni ga sashen da ke kula da awon mai a famfo. Amma ku ji da kyau. Lambar tana nuna unguwar da za a bincika ne, ba ta ce je ka sayi famfo ba. Toshasshiyar filta tana kawo P0087. Nozul ɗaya da ke mayar da mai da yawa ma yana kawo ta, kuma ana gane shi da ƙananan kwalabe a layin komawa, wadda ta riga cika ita ce. Soket mai tsatsa ko wayar da ta goge tana kawo P0251. Bawul ɗin kansa ana canza shi shi kaɗai, a wasu motocin kuma sai an sa kwamfuta ta sake koyon sabon. In aka ciro shi aka ga garin ƙarfe yana ƙyalli a jikinsa, to famfo ya fara cin kansa. Sai an wanke tanki da layuka duka, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Gwajin sassauta bututu da na faɗa ɗazu kuwa, haramun ne a wannan inji. Ko an kashe shi, a jira matsi ya sauka.

Masu ajiye gas a duro, ku bar shi ya kwana kafin ku ɗiba, kuma kada tiyo ya taɓa gindin duron. Kada a zuba gas a mazubin da aka shafe da zinki, yana narkar da shi ya je ya toshe nozul. Mai tarakta ya cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, domin tankin da ya kwana rabi yana yin gumi a ciki, gumin nan kuwa ruwa ne. A riƙa tsiyaye gindin filta, musamman da damina.

Jama'a, lokaci ya cim mana. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan nozul shi kaɗai, yadda ake gwada feshinsa da yadda ake gane na jabu a kasuwa.